Manaja ya ce in na sake zuwa kotu a bakin aikina: ina da wani haƙƙi?

Tambaya: "Wata bakwai da suka wuce wani mutum ya tare ni a hanyata ta komawa gida daga aiki, ya fizge jakata, ya karya mini hannu. An kama shi, maganar tana kotu. Sau uku ina neman izini a wurin aiki in je, sau ukun kuma ana ɗage zaman. Yanzu manajanmu ya ce in na sake fashin aiki saboda kotu, to a bakin aikina. Ga shi an sa wata ranar. Doka ta tanadar mini wani abu, ko in haƙura da shari'ar?"

Malama, sannu da wannan jarrabawa. Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye na gaba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: mutum ya cuce ki a hanya, yanzu kuma neman haƙƙinki yana nema ya raba ki da abincinki.

Kada ki haƙura da shari'ar, kada kuma ki sake fita daga wurin aiki da izinin baki kawai. Kafin ranar da aka sa, ki samo takarda daga kotu ko daga ofishin mai gabatar da ƙara, ki miƙa wa ma'aikatarku tare da wasiƙarki, ki riƙe kwafi. Kusan duk kariyar da dokokin ƙasashe suka bai wa mai irin matsalarki a kan wannan takardar take rataye. Ba ki ambaci ƙasar da kike aiki ba, dokar ƙwadago kuwa kowace ƙasa da tata, a wasu wuraren ma kowace jiha da tata. Saboda haka zan shimfiɗa miki yadda abin yake tafiya, da misalai daga wuraren da suka rubuta shi ƙarara, don ki san abin da za ki nema a dokar inda kike.

Tushen matsalar wani abu ne da yake ba mutane mamaki in sun fara jin sa. A shari'ar laifi, ƙarar ba taki ba ce. Ke aka karya wa hannu, amma gwamnati ce take ƙarar wanda ake tuhuma, lauyanta ne yake tsayawa gaban alƙali, ke kuma a idon kotu shaida ce. Wannan ya raba zuwanki kotu gida biyu. Akwai ranar da kotu ta kira ki da sammaci don ki ba da shaida. Akwai kuma ranar da babu wanda ya kira ki, amma kina da dalilin zuwa: ranar da za a duba ko a ba shi beli, ranar da zai amsa laifi ko ya musanta, ranar yanke hukunci. Doka ba ta ɗauki waɗannan biyun daidai ba, kuma tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin wannan kuka ita ce: a cikin zuwan da ka yi, nawa ne na sammaci?

Sammaci umarni ne. Wanda ya ƙi amsa shi ba tare da uzuri ba, kotu tana iya ba da takardar kamo shi, tana iya hukunta shi kan raina kotu. Idan manaja ya ce ki zaɓa tsakanin sammaci da aikinki, cewa yake ki karya doka don ki tsira da albashi, kuma da wuya ki sami kotun da za ta goyi bayansa. Ko a Amurka, inda ƙa'idar yau da kullum ita ce mai kamfani yana iya sallamar ma'aikaci ba tare da ya faɗi dalili ba, alƙalai sun daɗe da ja masa layi a inda korar ta taɓa gaskiyar shaida. A 1959 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta duba ƙarar wani mutum mai suna Petermann, wanda ya ce an kore shi ne don ya ƙi yin rantsuwar ƙarya kamar yadda aka umarce shi, ta ce irin wannan kora ta saɓa wa maslahar jama'a. Daga irin wannan tunani ne jihohi da yawa suka zo suka rubuta kariyar shaida a doka.

Dokar jihar New York misali ce mai kyau, domin a taƙaice take kuma ta nuna iyakar abin. A sashe na 215.14 na kundin laifukanta, wanda aka yi wa laifi ko wanda aka aika wa sammacin shaida, idan ya sanar da wurin aikinsa kafin ranar zuwan, ba a korarsa ko a hukunta shi saboda wannan fashin. Kariyar ta haɗa har da zuwa ganawa da lauyan gwamnati. Mai kamfanin da ya take wannan doka shi kansa ya aikata laifi. Amma dubi sharuɗɗan da ke ciki: sanarwa kafin ranar, mai kamfani yana da damar neman tabbacin cewa an je, kuma yana da damar riƙe kuɗin ranar. Waɗannan ukun za ki yi ta cin karo da su a dokoki da yawa.

Inda babu sammaci, nan ne giɓin yake, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. A watan Nuwamba na 1985 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wata sanarwa kan adalci ga waɗanda aka yi wa laifi. Ta ce a riƙa sanar da su yadda shari'a take tafiya, a saurari damuwarsu, a rage musu wahala, a kare su daga barazana da ramuwar gayya, a guji jan shari'a ba gaira ba dalili. Kalamai ne masu kyau, sai dai sanarwa ba ta ɗaure kowace ƙasa, ballantana manajan kamfani. A 2004 Amurka ta kafa dokar tarayya ta haƙƙin waɗanda aka yi wa laifi, wadda ta ba su damar a sanar da su ranakun zama, kada a hana su shiga zaman da ake yi a bainar jama'a, a kuma saurare su lokacin beli da lokacin yanke hukunci. Dokar ta buɗe musu ƙofar kotu, amma ba ta ce komai ba game da ƙofar wurin aiki. Mai aikin da ake biya da awa, wanda fashin yini ɗaya zai iya jawo masa kora, me damar shiga kotu za ta tsinana masa in ba zai iya barin aiki ya je ba?

Jihohin Amurka ne suka cike wannan giɓi, kowace da gwargwadon hannunta. A Arizona, ma'aikatar da ke da mutum 50 ko fiye dole ta bar wanda aka yi wa laifi ya halarci zaman da yake da haƙƙin halarta, ba za ta kore shi ba, ba kuma zai rasa matsayin daɗewarsa a aiki ba. Shi kuma zai kawo kwafin takardar da 'yan sanda suka ba shi da ta sanarwar zaman. Hutun babu biya, kuma ma'aikatar tana iya taƙaita shi idan ta nuna zai jawo mata matsananciyar wahala. Illinois ta fi faɗaɗawa. Dokarta ta 2003 ta fara ne da waɗanda aka ci zarafinsu a gida ko aka yi musu fyaɗe, daga 2022 kuma ta haɗa da sauran laifukan da aka yi amfani da ƙarfi a cikinsu. Tana ba da hutu marar biya har mako 12 a shekara a ma'aikata mai mutum 50 zuwa sama, mako 8 a mai 15 zuwa 49, mako 4 a wadda ba ta kai 15 ba. Kin ga ke nan yawan ma'aikatan wurinku da irin laifin da aka yi miki suna iya canza amsar gaba ɗaya.

Za ki ji ana maganar ƙasashen da ke ba da hutu mai biya, to ki lura da wa aka yi dominsa. Filifin tun 2004 take bai wa matan da mazajensu ko abokan zamansu suka ci zarafinsu kwana 10 da albashi. New Zealand ta fara nata kwana 10 a Afrilun 2019, Ostireliya kuma a 2023, inda aka yarda a yi amfani da kwanakin wajen zuwa kotu, har aka hana rubuta sunan hutun a takardar albashi don kada mai cin zarafin ya gani. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma, a yarjejeniyarta mai lamba 190 ta 2019 da shawarwarin da suka biyo ta, ta ambaci hutu da sassauta lokutan aiki da kariyar wucin gadi daga kora, duk ga waɗanda rikicin cikin gida ya shafa. Ina goyon bayan waɗannan dokoki ɗari bisa ɗari, domin wadda ke gudun mijin da ke dukanta albashinta ne abin da zai fitar da ita. Amma wanda ya kai miki hari baƙo ne a hanya, saboda haka galibinsu ba za su rufe ki ba. A ganina wannan rashin adalci ne da ya kamata 'yan majalisu su gyara, tunda kotun ɗaya ce, jiran ɗaya ne, asarar yinin ma ɗaya ce.

Maganar kuɗi kuwa, gara in gaya miki gaskiya: a yawancin wurare abin da doka ta kare shi ne kujerarki. Kuɗin ranar da ba ki yi aiki ba, wannan wani zance ne. A Ingila mai kamfani ba dole ne ya biya ki ranar da kika je ba da shaida ba, sai dai hukumar gabatar da ƙara tana mayar wa shaidunta kuɗin mota da wani abu daga asarar albashi, zuwa iyakar da aka ƙayyade. Kotuna a ƙasashe da yawa suna da irin wannan alawus na shaidu, mutane ne ba sa tambaya, ma'aikatan kotu kuma ba kullum suke tunatarwa ba. Akwai hanya ta biyu da ake yawan mantawa da ita, wato diyya daga shi mai laifin. Dokar tarayyar Amurka ta 1996 kan tilasta biyan diyya ta ce, a laifukan da ta shafa, a sa wanda aka samu da laifi ya biya albashin da aka rasa da kuɗin sufuri da na renon yara saboda halartar bincike ko shari'a. Ko dokar inda kike ba ta fayyace haka ba, alƙalai da dama suna da ikon sa diyya, kuma ba za su iya lissafa abin da ba a kawo musu a rubuce ba. Ki tanadi takardun albashin da suka nuna an yanke miki kuɗi, da rasit na mota da na asibiti, ki bai wa lauyan gwamnati tun kafin ranar hukunci.

Yanzu ga abin da na fi so ki mai da hankali a kai, don shi ne zai rage rigimar tun daga tushe. Abin da ya ƙure haƙurin manajanku ɗage-ɗagen nan ne. Zuwa uku ba a yi komai ba, shi a wurinsa wasa ne, ke kuma a wurinki gaba kura ce baya sayaki. Ki je ofishin mai gabatar da ƙara, ko jami'in da ke kula da shaidu in akwai shi, ki gaya musu ƙarara cewa aikinki yana cikin haɗari. Ki tambaye su wace rana ce ake bukatarki da gaske. Zama da yawa na lauyoyi ne kawai, a miƙa takardu, a yi musu a kan wata ƙa'ida, a sa sabuwar rana, duk cikin 'yan mintuna. Akwai ma abin da ba a cika gaya wa mutane ba: a kotuna da yawa, shaidar da ba ta riga ta ba da bayaninta ba ana fitar da ita daga ɗakin yayin da wasu shaidu ke magana, don kada maganarsu ta shafi tata. Na sha ganin wanda ya yi asarar yini guda ya ƙare a kan benci a baranda, bai ji ko kalma ɗaya ba.

Ki roƙe su su sa ki cikin shaidun da ake kira ta waya, wato ki tafi aikinki, in an tabbatar za a shiga shari'ar sai a kira ki ki iso cikin awa ɗaya ko biyu. Masu gabatar da ƙara da yawa suna yin haka in wurin aikin bai yi nisa ba. Ki tambaya ko kotun tana karɓar shaida ta bidiyo. Sannan ki nemi lauyan ya gaya wa alƙali a zama mai zuwa cewa shaidar gwamnati ta zo sau uku kuma ana barazanar korarta. Alƙalin da ya ji haka yakan ƙi karɓar uzurin ɗagewa na gaba, ko ya sa a fara ɗaukar bayaninki a sallame ki. Uwa uba, ki ce su rubuta miki wasiƙa zuwa ga ma'aikatarku, ko su ba ki sammaci in ranar ta ba da shaida ce. Ba alfarma kike nema ba, domin in kika daina zuwa shari'arsu ce za ta rushe, kuma sun san haka.

Wasiƙarki zuwa wurin aiki kada ta yi tsawo. Ki ce ke shaida ce kuma wadda aka yi wa laifi a shari'a mai lamba kaza, kotu ta sa rana kaza da ƙarfe kaza, ga kwafin takarda, kina neman izinin fita, za ki kawo shaidar halarta in kin dawo. Ki aika wa manaja da ofishin kula da ma'aikata gaba ɗaya, ta imel ko ta hanyar da za a sa miki hannu an karɓa. Ki aika da zarar kin san ranar, kada ki bari sai ana gobe. Ba dole ne ki ba su labarin abin da aka yi miki dalla-dalla ba. Lambar shari'a da rana sun isa, kuma dokoki irin na Arizona da Illinois sun wajabta wa ma'aikata ta ɓoye sirrin waɗannan takardu. Idan irin aikinku na karɓa-karɓa ne, ki haɗa da tayin musayar rana da abokiyar aiki ko rama awannin daga baya. Manaja ma mutum ne mai jadawalin da zai cike, kuma tayin nan yana nuna wa duk alƙalin da zai duba maganar nan gaba cewa ke ce kika nemi maslaha.

Ki kuma buɗe takardar ɗaukarki aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikatar ki karanta. Wurare da yawa suna da hutun uzuri ko hutun amsa kiran hukuma a rubuce, manajan da kansa bai taɓa dubawa ba. In kuna da ƙungiyar ƙwadago, yarjejeniyarta da kamfani takan fi dokar ƙasa sassauci, kuma wakilinta yana iya raka ki ganawa. In duk babu, ki nemi ranar daga cikin hutunki na shekara. Akwai ciwo mutum ya ƙarar da hutunsa a harabar kotu kan laifin da wani ya yi masa, na sani, amma fashin da aka amince da shi a rubuce ba ya zama hujjar kora.

Barazanar da manajan ya yi miki da baki ya yi ta, maganar baki kuwa gobe sai a ce ba a yi ba. Yau ɗin nan ki rubuta ranar da ya faɗa, da kalaman da ya yi amfani da su, da wanda ke wurin. In za ki iya, ki saka jimla ɗaya cikin wasiƙarki cikin ladabi: "Kamar yadda ka gaya mini ranar kaza cewa sake zuwa kotu zai shafi aikina, ina so in bayyana cewa kotu ce ta kira ni." In ya yi shiru, maganar ta tabbata a rubuce. In ya musanta, ya janye barazanar ke nan. Na dage a kan wannan ne domin mai wayo ba ya rubuta "an kore ta saboda ta je kotu". Bi-ta-da-ƙulli ake yi: a rage miki awanni, a mayar da ke aikin dare, a tono makarar da kika yi bara, a jera miki takardun gargaɗi cikin wata ɗaya bayan shekaru ba a taɓa ba ki ko ɗaya ba. Abin da ke tona asirin irin wannan a kotun ma'aikata shi ne jerin ranaku, a ga yaushe kika ba da sanarwa, yaushe kuma halin ma'aikatar ya canza. Saboda haka ki ajiye kwafin duk wani yabo ko sakamakon duba aikinki na baya a gida, ba a kwamfutar ofis ba, don ranar da aka sallami mutum a ranar ake rufe masa ita.

Idan aka kai ga takura miki, kada ki ajiye aiki da kanki cikin fushi, kada kuma ki sa hannu a takardar da ba ki karanta a natse ba, musamman wadda ta ce kin yafe duk wani haƙƙi. Wanda ya yi murabus yana da jan aiki kafin ya gamsar da kotu cewa tura shi aka yi. In kuma an kore ki, ki nemi a rubuta miki dalili, ki garzaya wurin lauyan ƙwadago ko ofishin ba da agajin shari'a kyauta a makon. Wa'adin shigar da ƙarar kora gajere ne, a wasu ƙasashe watanni kaɗan ne, kuma na ga ƙararraki masu ƙarfi sun mutu don mai su ya tsaya jiran a gama shari'ar laifin tukuna. A ƙasashen da suka bi tsarin yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 158 ta 1982, ba a sallamar ma'aikaci sai da ingantaccen dalili da ya shafi halinsa, ko iya aikinsa, ko bukatar kamfani, kuma sai an ba shi damar kare kansa in laifi ake ɗora masa. Amsa sammacin kotu bayan an ba da sanarwa ba ya shiga ko ɗaya cikin ukun.

Abu ɗaya da nake fata bai shafe ki ba, amma dole in faɗa: idan kika ga alamar matsin da ake yi miki a wurin aiki yana da alaƙa da wanda ake tuhuma, misali wani nasa ya zo ya ga manaja ko ana kiranki a wayar ofis, to maganar ta tashi daga ta ƙwadago ta koma tsoratar da shaida, wanda babban laifi ne. Ki sanar da ɗan sandan da ke riƙe da binciken da lauyan gwamnati a ranar, domin yana iya jawo a soke belinsa.

A ranar zaman kuma, ko an yi shari'ar ko an sake ɗagewa, kada ki bar harabar kotun sai magatakarda ko lauyan gwamnati ya rubuta miki cewa kin halarta, da rana da lokacin da aka sallame ki, ya buga hatimi. Ki tambaye shi ko zai iya ba ki irin wannan ta zuwa ukun da suka wuce, tunda kundin kotu yana nuna ranakun da aka zauna da dalilin ɗagewa. In an sallame ki da hantsi, ki koma bakin aiki ki ƙarasa yinin. Sai ki sake rubuto mini da sunan ƙasar ko jihar da kike aiki, da yawan ma'aikatan wurinku, da shekarun da kika yi a can, da kuma ko takardar da ke hannunki sammaci ce ko sanarwar zama kawai, in nuna miki sashen dokar da za ki ambata a wasiƙarki.